Ɗauko Gwaggo Daga Achika

Juma'a: fita daga Hotoro

Ina sallame sallar asuba na saɓa jakata, gari bai waye ba tukuna. An kwana ana ruwa, lungunmu na Hotoro ya cika da taɓo, don haka maigidana ya rako ni har bakin babban titi yana haska min hanya da fitilar waya. Ni malamar firamare ce, muna cikin dogon hutu, shi ya sa 'yan'uwa suka ɗora min wannan aiki: in je Achika, a ƙasar Wudil, in ɗauko Gwaggo Abu in kawo ta Kano a yi mata aikin ido.

Gwaggo Abu ƙanwar mahaifina ce. Ita ta yaye ni, a ɗakinta na girma har na tafi makarantar kwana. Yanar ido ce ta rufe mata idanun biyu. Ma'aikatan ido da suka je ƙauyen duba mutane sun ce abu ne da ake cirewa a warke, amma sai an zo Kano. Aka ba ta rana ta ƙi zuwa, aka sake ba ta wata ta ƙi. Wannan karon Litinin aka sa, kuma an gaya mana ƙarara cewa in aka ci gaba da jan ƙafa, yanar za ta iya jawo abin da aiki ba zai gyara ba. Gwaggo ba wuƙar likita take tsoro ba, titi take tsoro. Autanta Kabiru tifar yashi ce ta buge shi a kan babur a cikin Wudil shekarun baya, kuma tun ranar da aka kawo gawarsa ba ta ƙara taka kwalta ba.

Maigidana ya ce in bari gari ya waye in je tasha. Na ce masa yau ranar kasuwar Wudil ce, in na makara zan sha cunkoso. Muna cikin haka wata farar bas ta taka birki a gabanmu, direban ya leƙo yana cewa, "Wudil, Wudil! Hajiya shigo, saura mutum ɗaya." Na shiga, na sami wuri a bayan direba daidai.

Mariri zuwa Gano

Motar cike take da 'yan kasuwa. A gaba akwai wani Alhaji mai babbar riga, dillalin shanu, wanda tun da na shiga yake ciniki a waya da wani da ke jiransa a kara. A gefena wata tsohuwa ce rungume da kwandon kaji, baya kuma ɗaliban jami'a ne da jakunkunansu, kowa ya toshe kunne.

Mun wuce Mariri gari ya fara haske. Gonaki kore shar dama da hagu, gero ya fitar da kai, ruwa kwance a kwaruruka. Ina kallon wannan ne na ji tayar motar ta sauka kan tsakuwar gefen titi, sannan aka fizgo ta ta dawo. Na ɗaga kai na dubi madubin gaba. Idanun direban jajawur, fatar idon tana sauka a hankali, sai ya girgiza kai ya ware su.

Na ce, "Direba, lafiya kuwa?"

Ya ce, "Lafiya lau, Hajiya. Rami na kauce wa."

Na waiga, ban ga rami ba. Na kwance ƙullin goron da na sayo wa Gwaggo na miƙa masa ɗaya, na shiga jan sa da hira don kada ya yi shiru. A nan na ji cewa sunansa Ado, kuma daga kudu ya kwana yana tuƙi. Ya sauke fasinjojinsa a Kano da asuba, ya ga ranar kasuwa ce, ya ce bari ya yi sawu ɗaya zuwa Wudil kafin ya je gida ya kwanta.

Hirar ta riƙe shi har 'Yargaya. Bayan Gano kuwa na yi masa tambaya bai amsa ba. Motar ta fara karkata zuwa hannun masu tahowa, ga wata tifa ta taso tana danna hon. Na daki bayan kujerarsa da ƙarfi na ce, "Ado!" Ya murɗe sitiyari, tifar ta wuce iskarta na girgiza mu. Kajin tsohuwa suka ɗauki kuka. Alhaji ya cire waya daga kunne ya ce, "Kai, 'yan tifar nan ba su da hankali," ya ci gaba da cinikinsa.

Na ce, "Direba, ka tsaya ka wanke fuska."

Ya ce, "Ai mun iso, Hajiya. Ga Wudil can."

Shingen bakin gada

Kafin a hau gadar Wudil akwai shingen 'yan sanda. Ba katako mai ƙusoshi ba ne, robobi ne ja da fari aka jera, da 'yan sanda sanye da riguna masu ƙyalli a kan kakinsu. Wanda ya tsayar da mu baƙi ne siriri mai furfura a gefen kai. Na karanta sunansa a ƙirji: Sajan Garba. Ya yi mana sallama, ya gaishe mu da hanya, ya zagaya ya dubi tayoyi, sannan ya dawo tagar direba ya tsaya yana kallon fuskarsa kawai.

Ya ce, "Daga ina?"

Ado ya ce, "Daga Kano, Yallaɓai."

"Kafin Kano fa?"

Ado ya sunkuyar da kai. Ni dai na san in na yi magana zan ɓata wa mutane tafiya. Amma na tuna wannan motar za ta sauke mu ta ɗebi wasu ta koma Kano da su. Na ce, "Yallaɓai, bawan Allahn nan barci yake ji. Ya kwana yana tuƙi. Saura kaɗan mu shige ƙarƙashin tifa a bayan Gano."

Alhaji ya juyo da dukkan jikinsa. "Haba baiwar Allah! Ga gari muna gani, ki ja mana tsaiko? Mata dai ba ku iya shiru ba." Wani ɗalibi daga baya ya ce shi ma yana da abin yi. Alhaji ya tura hannu aljihu ya ciro kuɗi ya fara miƙawa ta bayan direba.

Sajan Garba ya ce, "Alhaji, mayar da hannunka inda ka ɗauko shi, don girman Allah." Bai ɗaga murya ba. Ya ce da Ado, "Gyara fakin can gindin darbejiya, ka kashe mota, ka ba ni makulli."

Ado ya sauko yana roƙo, har da durƙusawa. Ya ce motar ba tasa ba ce, in maigidansa ya ji an kama shi zai karɓe ta, kuma yana da iyali. Sajan ya ɗago shi da hannu ya ce, "Wa ya ce an kama ka? Zo ka gani."

Na bi su da ido, daga baya na sauka na bi su da ƙafa. A bayan darbejiyar akwai wata rumfar kwano buɗe ta ko'ina, an shimfiɗa tabarmi, ga randa da butoci a gefe. Mutum biyu na kwance suna sharar barci, ɗaya ya yi matashin kai da takalminsa. Sajan ya nuna wa Ado tabarma ya ce, "Babu tara, babu kotu. Ka kwanta. In an fara kiran sallar Juma'a zan tashe ka, ka yi wanka a baya, mu je masallaci tare, in ba ka makullinka. Amma na riƙe fuskarka. In na sake ganinta da irin wannan idon, to a ranar sai ofis."

Ado ya dube ni ya ce, "Hajiya, kin ja min." Na buɗe baki zan ba shi haƙuri, ya zauna a tabarmar kamar zai cire takalmi. Bai cire ba. Ya kishingiɗa, kafin in gama tunanin abin da zan ce masa har ya fara minshari.

Na tambayi Sajan yadda aka yi wannan rumfa ta samu. Ya ce su da dattawan direbobin garin da mai unguwa suka haɗa hannu, wani ya kawo kwano, wani ya kawo azara. Ya ce, "Malama, shekaruna da yawa a ɓangaren haɗurra. Kin san aikin da ya fi min ciwo? In ciro waya daga aljihun mamaci, in nemo lambar da ya kira ta ƙarshe, in ji mace ta ɗauka tana cewa, ‘Ka iso?’ Na gaji da wannan kiran. Gara a zage ni a kan tsaiko."

Yaransa suka tsayar mana da adaidaita sahu, aka rarraba mu. Alhaji ya shiga ta farko bai ko dube ni ba. Tsohuwar mai kaji kuwa ta kama hannuna ta ce, "'Yar nan, ni ma na gani tun Mariri, bakina ne ya yi nauyi. Allah ya yi miki albarka."

Cikin Wudil

Muka hau gada hantsi na fitowa. Kogin ya cika ya yi jajawur da ruwan damina, masu kwale-kwale na ta kai da kawowa, tifofi sun yi layi a gangare suna jiran lodin yashi. Ƙetare kuwa kasuwa ta fara ci. Ana ta sauke shanu daga manyan motoci, matan Fulani na tafe a jere da ƙoren nono, masu tukwane sun kifa su a bakin hanya manya da ƙanana.

Na zauna wurin wata mai waina, na haɗa da soyayyen kifi mai zafi daga teburin maƙwabciyarta. Na lura duk masu tallan sun ja baya daga kwalta, an shata musu layi da farin fenti. Mai wainar ta ce, "Ranar da 'yan sanda suka zo tayar da mu, har kaskona na kifar don fushi. Na ce ciniki ya mutu. To ga shi dai bai mutu ba. Kuma yanzu ina suya ba na waigen tirela."

Daidai ƙofar kasuwa wata 'yar sanda ce tsaye a tsakiyar titi, gajeriya kakkaura, da farin hijabi ƙarami a ƙarƙashin hularta. Sai ta tara masu tsallakawa su yi yawa, ta ɗaga hannu, manyan motoci su tsaya, ta wuce da su kamar uwar kaji. Mai waina ta ce sunanta Kofur Hajara, kuma babu direban da ke son ta hura masa usur.

Ɗan acaɓar da ya ɗauke ni zuwa Achika mutumin Kausani ne, mai yawan dariya. Hular kwanonsa a rataye take a kan babur, sai da muka doshi inda Kofur take ya ɗora ta a ka. Wani ya tsayar da shi yana so a goya shi bayana, ya ce, "A'a, ba a uku a cikin gari." Na ce, "A wajen gari fa?" Ya ƙyalƙyale da dariya ya ce, "Hajiya, gyara ai a hankali yake tafiya. Bai iso ƙauye ba tukuna." Muna sakin kwalta ya cire hular ya mayar inda take. Na ce ya mayar da ita kansa ko in sauka. Ya mayar, yana ta mita har muka isa.

Achika

Hanyar ƙasa ce mai santsi, sau biyu ina sauka in taka da ƙafa a wuraren da ruwa ya yanke. Na isa kafin azahar. Yaya Idi, babban ɗan Gwaggo, yana gona. Matarsa Hansatu ce ta tare ni da guɗa, ta kai ni ɗakin Gwaggo.

Na same ta zaune a bakin gado, fuskarta na kallon bango. Na yi sallama, ta ce, "Binta ce? Matso in ji ki." Ta shafa fuskata da kafaɗuna, ta ce na rame, ta tambayi maigidana da yara ɗaya bayan ɗaya. A bayan hannunta na dama na ga tabon ƙuna sabo. Hansatu ta raɗa min cewa murhu ta dafa tana laluben hanyar banɗaki. Matar da duk ƙauyen ke zuwa sayen faifanta, yau ga zaren kaba a rataye ya yi ƙura.

Bayan mun ci tuwon dawa da miyar ɗanyar kuɓewa na kawo maganar. Ban kai ƙarshe ba ta ce, "Binta, in don wannan kika zo, kin sha wahalar banza. Na ga duniya iya gani. Titin da ya cinye min Kabiru ba zan hau shi ba." Na yi magiya, na kawo mata misalin mutanen da aka yi wa aikin suka warke. Ta juya ta kwanta. Yaya Idi da ya dawo ya ce, "Kin gani ko? Haka muke fama."

Asabar

Na yanke shawarar ba zan sake tayar da zancen ba. Da hantsi na fito da ita tsakar gida, na wanke mata kai na yi mata kitso. Bayan la'asar muna zaune a inuwa, ni da Hansatu muna tsinke zogale, Gwaggo na jin mu. Hansatu ta tambaye ni yadda na baro hanya, na kwashe labarin Ado na ba ta, tun daga goro har minshari.

Gwaggo ta ɗago kai. "Ki ce me? Ɗan sanda ya shimfiɗa wa direba tabarma?"

Na ce, "Da idona na gani, Gwaggo."

"Bai mare shi ba? Bai karɓi komai ba?"

"Makulli kawai ya karɓa."

"Shi kuma ya kwanta, a gaban 'yan sanda?"

"Da takalminsa ma."

Sai ta yi dariya, irin dariyarta ta da mai girgiza kafaɗa. Hansatu ta dube ni da mamaki. Dariyar ta lafa, Gwaggo ta shiga murza bakin zaninta. Ta sa na maimaita mata abin da Sajan ya faɗa a kan wayar mamaci. Ta ce, "Idi aka kira ranar. Ina zaune nan inda nake na ji ya ce innalillahi."

Muka ci gaba da tsinkar zogale. Ana gab da kiran magariba Gwaggo ta ce, "Binta, gobe ki kai ni Wudil. Ban ce Kano ba, ki ji da kyau. Wurin da abin ya faru za ki kai ni. Ban taɓa zuwa ba, kullum a mafarki nake ganinsa. In na gama ki dawo da ni ɗakina."

Na ce to. Na dai sa Hansatu ta haɗa mata kaya a ɓoye, ko Allah zai sa.

Lahadi: komawa Wudil

Yaya Idi ya samo mana shatar adaidaita sahu, muka fita da sassafe kafin rana ta yi zafi. Muka sa Gwaggo a tsakiya. Duk tsawon hanyar ƙasa lafiya lau take, har tana gaya mana gonar wa muke wucewa daga jin kwanar hanya. Amma da tayar ta hau kwalta, ta ji ƙarar ta canza, sai ta damƙe cinyata da ƙarfi. Wata tirela ta wuce mu, Gwaggo ta ƙara matse ni. Ta fara salati a bayyane.

Yaya Idi ya sa aka sauke mu kusa da ƙofar kasuwa. Ya nuna min da haɓa: wurin yana ƙetaren titi, inda hanyar masu yashi ke fitowa ta haɗu da babban titi. Ko da yake ba ranar kasuwa ba ce, manyan motoci ba su daina wucewa ba. Gwaggo ta kafe a inda take, ta ce ƙafarta ta ƙi ɗaguwa.

Kofur Hajara na bakin aikinta. Na je na gaishe ta na yi mata bayani a gajarce. Ta dubi Gwaggo daga nesa, ta ciro waya ta yi magana, sannan ta taho ta durƙusa har ƙasa da kakinta ta ce, "Ina kwana, Inna? An zo lafiya? Ya ƙarfin jiki?" Gwaggo ta amsa, ta ce, "Wace ce?" Na ce 'yar sanda ce. Ta ce, "Mace?" Kofur ta ce, "Mace, Inna. Har da 'ya'ya uku."

Ba a jima ba Sajan Garba ya iso a kan babur. Ya gane ni, ya ce, "Malama, ke ce kuma?" Ya cire hula ya gaida Gwaggo, ya yi mata ta'aziyya kamar jiya aka yi rasuwar. Gwaggo ta ce, "Kai ne mai tabarma?" Ya yi murmushi ya ce shi ne. Ta ce, "Kana nan ranar da aka buge ɗana?" Ya tambayi Yaya Idi lokacin, sannan ya ce, "A'a, Inna, ba a kawo ni garin nan ba a lokacin. Ba zan yi miki ƙarya in ce na san shi ba. Amma wurin na san shi sarai. In kin yarda za mu ƙetare da ke."

Ya shiga tsakiyar titi ya hura usur, ya ɗaga hannu biyu. Motoci suka tsaya ta kowane ɓangare. Kofur Hajara ta kama hannun Gwaggo na dama, ni na kama na hagu, Yaya Idi na biye. Gwaggo na jan ƙafa a hankali, ba ta ɗaga ta daga ƙasa. Wani direban tirela ya fara danna hon. Muna gab da ƙetarewa ƙafarta ta ci karo da wani abu, ta tsaya.

"Mene ne wannan?"

Kofur ta ce, "Tudun rage gudu ne, Inna. An yi shi da kwalta, ya ratsa titin daga wannan gefe zuwa wancan. Duk motar da ta zo nan dole ta taka birki, ko tifa ce."

Gwaggo ta hau kansa da ƙafa ɗaya, ta sauko, ta sake hawa. Ta sunkuya ta shafa shi da tafin hannu. Ta ce, "Lokacin babu shi?"

Sajan da ya matso ya ce, "Babu, Inna. Mutanen da aka rasa a nan su ne dalilin yin sa. Mu da mutanen gari muka yi ta zirga-zirga har aka zo aka yi. Ba zan ce miki an daina haɗari a titin nan ba, ana yi. Amma a wannan kwanar, tun da na zo ban ɗauki gawa ba."

Muka ƙarasa gefen titi. Gwaggo ta tsaya a kan yashin da tifofi ke zubarwa, ta ɗaga hannu ta fara addu'a. Ta kira sunan Kabiru, ta nema masa gafara, hawaye na bin kumatunta daga idanun da suka yi fari fat. Ta yi wa duk wanda ya rasu a wurin addu'a, ta yi wa direban tifar ma, ta ce Allah ya yafe masa in yana raye. Na waiga na ga Sajan ya saki motoci, amma mai tirelar da ke ta hon bai tafi ba. Ya gangara gefe ya kashe inji, ya fito da hannuwansa ta taga yana shafa fatiha tare da mu.

Da ta gama ta goge fuska da gefen mayafi. Yaya Idi ya ce, "Inna, bari in kira mai adaidaita mu koma." Ba ta amsa masa ba. Har yanzu tana riƙe da hannun Kofur. Ta juyo inda take jin numfashina ta ce, "Binta, a ina ake shiga motar Kano?"

Yaya Idi ya juya baya don kada a ga fuskarsa.

Wudil zuwa gida

Wannan karon tasha muka je, Kofur Hajara ta raka mu da kanta. Aka ba Gwaggo wuri kusa da taga. Kafin a rufe ƙofa ta ce a kira mata direban. Wani dattijo mai gemu ya zo ya rusuna. Ta ce, "Malam, ka yi barci jiya?" Ya ce, "Na yi, Hajiya, har da ƙari bayan asuba." Ta ce, "To bismilla." Duk motar aka yi dariya.

Yaya Idi ya miƙo ƙullin kayanta ta taga. Ta shafa shi ta gane zanen da aka ɗaure da shi, ta ce, "Wato dama kun shirya min." Na ce Hansatu ce. Ta ce, "Ke dai."

A kan gada ta ce in gaya mata abin da nake gani. Na ce kogi ya cika, ga masu kwale-kwale, ga yara na wanka a gefe. Daga nan har Gano, har Mariri, ban huta ba: wannan gonar mece ce, waccan ƙarar ta mece ce, me ake gini a nan. Duk sanda babbar mota ta wuce sai ta matse hannuna, amma ba ta ce a tsaya ba. Na sayi gasasshiyar masara ta taga a Mariri, ta ci rabi. Muka sauka a Hotoro ana kiran azahar, yarana suka fito da gudu suka kusa kayar da ita.

Litinin aka yi aikin idon dama. Washegari muka koma, ma'aikaciyar jinya ta warware bandejin a hankali. Gwaggo ta ƙifta ido, ta ƙifta, ta dubi tagar ɗakin, ta dubi tafin hannunta. Sannan ta juyo ta zuba min ido har na fara tsarguwa.

Ta ce, "Binta, yaushe kika yi furfura?"

Dariya da kuka suka haɗe min. An ce sai bayan wasu makonni za a yi na hagun, don haka tana nan wurina, ta riga ta aika a sayo mata kaba. Ta kuma kafa min sharaɗi: ranar komawa, a sauke ta a ƙofar kasuwar Wudil. Ta ce yarinyar nan da ta riƙe mata hannu tafinta kaushi gare shi kamar na mai surfe, tana so ta ga fuskar da ke tare da wannan hannun.

Godiya ta tabbata ga Allah da ya fitar da ni lafiya, ya dawo da mu biyu lafiya. Ina gode wa Yaya Idi da Hansatu da suka yi ta haƙuri shekara da shekaru, da Sajan Garba da Kofur Hajara da abokan aikinsu da ke tsaye a rana da ruwa a bakin gadar nan. Allah ya jiƙan Kabiru, ya kai kowane matafiyi gidansa.